Fawa fak ɗina 500W ne, zai ɗauki RTX 3060 ko sai na canza?

Ɗan Fagge: Salam jama'a, barkanmu da dare. Dan Allah masana ina neman shawara. Ina da destof da aka haɗa min, furosesa i5-10400F, ram 16GB, SSD ɗaya da hadis ɗaya, girafik kad ɗin kuma GTX 1650 ne. To yanzu aiki ya fara fin ƙarfinsa, ina editin ɗin bidiyon biki da DaVinci Resolve kuma na fara taɓa Blender na zanen 3D, memorin kad ɗin 4GB ne, kafin ka ce me ya cika. Na samu RTX 3060 mai 12GB na hannu, mun gama ciniki saura biya kawai. Fawa fak ɗina, wato akwatin da ke raba wa kayan cikin kwamfutar wuta, an rubuta 500W a jikinsa, wanda ya zo tare da kesin ne. Mai shagon ya ce in saka kawai zai ɗauka, amma ni dai hankalina bai kwanta ba.

Gemu Na Dare: Saka abinka malam. 3060 wat 170 kawai yake ci, kana da 500, ina matsalar take?

Sarkin FIFA: A'a wlh kar ka fara. Ka nemi 1000W ka huta, gobe ko 4090 ka samu ba sai ka sake saye ba

Gemu Na Dare: Hhhh mutum yana lallaɓa kuɗin 3060 na hannu kana masa maganar 4090

Baban Ilham: Wa alaikumus salam. Ƙanina kafin kowa ya ce maka eh ko a'a, kashe kwamfutar, zare ta daga soket, buɗe murfin gefe ka duba sitikar da ke jikin fawa fak ɗin. Akwai wani ɗan tebur mai layi-layi, za ka ga +3.3V, +5V, +12V, a ƙarƙashin kowanne akwai lamba da harafin A. Rubuto mana su duka. Sannan ka duba cikin wayoyin da suka fito daga cikinsa ko akwai mai kai fin 6 ko fin 6+2 (fin su ne 'yan ƙarafan da ke cikin kan wayar), yawanci ana rubuta PCI-E a jikin kan. Wancan 500W da aka rubuta da manyan baƙi ba shi nake son ji ba.

Ɗan Fagge: To Yaya bari in duba

Ɗan Fagge: Ga abin da na gani. +3.3V 28A, +5V 30A, +12V 20A. Sunan kamfanin ma ban taɓa jinsa ba. Waya mai fin 6 kuma babu gsky, akwai dai babba mai 24 da ke jikin madabod, da mai fin 4 na furosesa, sai na SATA guda uku da wasu farare masu rami huɗu

Baban Ilham: Yauwa, magana ta fito. Lissafin ba wuya, bolt sau amfiya shi ne wat. 12 sau 20 ya ba ka 240. Wato a layin 12V wat 240 kake da shi, shi ma in sitikar gaskiya ta faɗa. Sauran sun tara shi ne a 5V da 3.3V, 5 sau 30 ya ba da 150, 3.3 sau 28 ya ba da 92 da ɗoriya, in ka haɗa duka sai ka ga an doshi 500 ɗin. To amma girafik kad da furosesa da fankoki duk daga 12V suke sha. Wancan tsarin na cika 5V na zamanin su Pentium 3 ne lokacin da furosesa ke jan wuta daga can, kwamfutar yanzu ɗan abin da take ɗauka a 5V da 3.3V bai taka kara ya karya ba, SSD ne da USB da makamantansu.

Yanzu ƙirga kayanka. 3060 wat 170. Furosesarka an rubuta mata 65 amma Intel sun ba ta damar hawa har 134 na ɗan lokaci in aiki ya yi nauyi, kuma renda, wato fitar da bidiyo bayan an gama editin, irin aikin da ke sa ta hawa ne. Madabod, ram, hadis, fankoki ka ba su kamar 40 zuwa 50. In komai ya tashi lokaci ɗaya kana wajen 350. Kai kuma 240 gare ka. Dalilin da ya sa yake riƙe da kai yanzu lafiya shi ne 1650 wat 75 ne iyakarsa, daga ramin madabod yake sha ba ya neman waya, duka kwamfutar da wuya ta wuce 200.

Gemu Na Dare: Amma Oga ai ba kullum suke kai ƙarshe tare ba. In gem kake bugawa furosesar nan ba ta zuwa ko kusa da 134

Baban Ilham: Gaskiyarka a gem. To cire ta, sa 65 ɗin. 170 da 65 da 40 nawa ke nan? 275. Har yanzu ya wuce 240. Kuma bawan Allahn nan ba gem ya ce ba, renda ya ce, wani bidiyon bikin sai ya bar ta tana aiki har asuba.

Sarkin FIFA: Shi ya sa na ce 1000W ai

Baban Ilham: Kai kuma ka zarce da yawa. Nvidia da kansu 550W suka rubuta wa 3060, kuma sun sa rara a ciki saboda sun san ba kowane fawa fak ne na kirki ba. 550 mai kyau ya isa, 650 in yana da niyyar ƙara wani abu nan gaba.

Ɗan Fagge: Ngd sosai Yaya. Amma na yi wa mai shagon magana yanzu kan rashin wayar, ya ce akwai adafta da ake sakawa a SATA ta koma fin 8, zai ba ni kyauta

Mai Gyara Kaduna: Innalillahi. Ɗan'uwa in ka ɗauki shawara ɗaya tak a duk wannan zancen to ta zama wannan, kar ka karɓi adaftar nan ko da kuɗi za a haɗa maka. Kan SATA wat 54 aka tsara masa a 12V, fin uku ne 'yan sirara kowanne amfiya ɗaya da rabi. Shi kuma fin 8 na girafik kad an yarda kad ya ja har wat 150 ta cikinsa, fin 6 wat 75, ramin madabod shi ma 75. Kad ɗin bai san adafta ka sa masa ba, ya ga fin 8 a cike zai ja abinsa. 3060 in ya ɗauki abin da zai ɗauka a rami sauran kusan wat ɗari ta wayar nan zai bi, ta inda aka yi don 54. Ni gyara nake, an sha kawo min su robar ta narke ta manne, wani har da baƙi a jikin hadis ɗin da ke kan waya ɗaya da ita. Kuma ko da adaftar ba ta narke ba ai ba ta ƙara wat ko ɗaya, 240 ɗin nan dai shi ne.

Gemu Na Dare: Ni fa na yi amfani da ita kan RX 580 kusan shekara ba abin da ya faru

Mai Gyara Kaduna: Allah ya tsare ka ne malam, ka yi sadaka. RX 580 ma wat 185 ne, ya fi 3060 ci.

Ummi Edita: Ni tambayata daban. In mutum ya sa 650W ko 750W ba zai ƙara cin wuta ba? Da sola da inbata nake aiki, batir ɗin ma lallaɓa shi nake, ina tsoron in sa babba ya riƙa zuƙe min

Baban Ilham: A'a Hajiya, ba haka yake ba. Kamar tankin ruwa ne da famfo, girman tanki ba ya sa ruwa ya zuba da yawa, iya yadda aka buɗe famfo ne. In kwamfutarki 300 take nema 300 zai ba ta ko shi na 550 ne ko na 850. Abin da ke shafar batir ɗinki shi ne asarar da yake yi wajen juya wutar bango zuwa 12V, a nan ne tambarin 80 Plus ke shigowa. Bronze a rabin lodi yana ba da kashi 85, Gold kashi 90, a gwajin da ake yi da wutar 115V, a 230V irin tamu ma yakan ɗan fi haka. Wato in kwamfuta na son 300, Bronze zai ja kamar 353 daga inbata, Gold kamar 333. Bambancin wat 20 ne, ga mai wutar layi ba wani abu ba ne, amma ke mai batir da ke aiki awanni da yawa yana da ɗan amfani, kuma wat ɗin da aka yi asara zafi yake zama a cikin kesin.

Ummi Edita: Madalla, na gode Malam. Ashe ban da dalilin tsoro

Injiniyan Lungu: Ƙarin bayani kan 80 Plus ɗin nan tunda an taɓo shi. Mutane na ɗauka in an ga Gold shikenan kaya mai kyau ne. Tambarin rashin ɓarnar wuta kawai yake aunawa, bai ce komai ba kan ingancin kafasita ko kariyar da ke ciki, kuma sitika ce, duk wanda ya ga dama zai iya bugawa ya manna a jabun kaya. Abin da zan duba ni, ɗaya, layin 12V ya kusa cinye duka lambar, misali na 550W ka ga 12V ɗinsa amfiya 44 ko 45, wato wajen 540. Biyu, a kwali ko shafin kamfanin ka ga sun jera OCP, OPP, OVP, UVP, SCP, in da OTP ma ya fi, su ne ke sa ya kashe kansa in lodi ya yi yawa ko waya ta haɗu ko ya yi zafi maimakon ya tafi da madabod da kad. Sai shekarun garanti, ba don za ka iya mayarwa daga nan ba, sai don kamfanin da ya ba da shekara biyar ko goma ya san abin da ya zuba a ciki. Corsair RMx shekara goma suke bayarwa. Su Seasonic, Cooler Master MWE, MSI MAG A650BN, be quiet! duk ana samu jefi-jefi, amma kowane kamfani yana da na sama da na ƙasa, sunan kawai bai isa ba sai ka duba samfurin.

Mai Gyara Kaduna: Kuma ka ɗaga shi a hannu. Ba hujja ba ce ta ƙarshe amma in ka ji shi sakayau kamar ba komai a ciki to da ma ba komai a cikin

Ɗan Fagge: Hhh nawa kam sakayau ne, da na kwance shi ɗazu da hannu ɗaya na ɗaga kamar kwalin shayi

Injiniyan Lungu: Akwai abin da har yanzu ba wanda ya faɗa kuma a wurinmu ya fi lambar wat muhimmanci. Duba inda aka rubuta wutar da yake karɓa. Wani za ka ga 100-240V, wani 200-240V kawai. Wutarmu a takarda 230V ce amma kowa ya san yadda take zuwa da daddare a wasu unguwanni, fanka ma da kyar take juyawa. Mai 100-240V in wuta ta sauka 170 ko 180 zai ci gaba da aikinsa, mai 200-240V kuwa sai ka ga kwamfuta ta mutu tsakiyar renda ka yi ta zargin kad. Wasu kamfanonin suna fitar da samfuri ɗaya kala biyu, Cooler Master MWE akwai wanda aka rubuta 230V a sunansa, ya fi araha, a lura da shi. Sannan tsofaffin da ke zuwa daga Amurka masu jan makunni a baya 115 da 230, in yana kan 115 ka soka a soket ɗinmu ƙara ɗaya za ka ji da hayaƙi. Wanda ke da wannan makunnin ma tsohon tsari ne, ka bar shi kawai.

Sarkin FIFA: To ni har yanzu ban ga laifin babba ba. Na ga bidiyo ana cewa kad ɗin RTX 30 suna yin wani tsalle na wuta su kashe fawa fak

Injiniyan Lungu: Wannan gaskiya ne amma manyan ne abin ya fi shafa, 3080 mai wat 320 da 3090 mai 350, sukan yi tsalle na ɗan ƙiftawar ido sama da abin da aka rubuta musu sosai har kariyar fawa fak ta ɗauka matsala ce ta yanke. Shi ya sa a 2022 da Intel suka fitar da tsarin ATX 3.0 suka sa dole manyan su jure ninki biyu na ƙarfinsu na ɗan taƙin lokaci. A lokacin ne kuma aka kawo sabon kan nan mai fin 16 da ke kai wat 600, wanda aka yi ta surutun narkewarsa a 4090 har aka gyara shi a ATX 3.1. Duk wannan bai shafi Ɗan Fagge ba, 3060 fin 8 ɗaya ne yawancinsu, ko ya yi tsallen 550 mai kyau zai shanye. In kana da kuɗin 1000W na kirki ba wanda ya hana ka, matsalar ita ce mai ƙaramin kuɗi in ya nace sai 1000W to jabu zai ƙare da shi, alhali kuɗin zai saya masa 650 na gaske.

Sarkin FIFA: To na ji, amma ni dai 850 ne a tawa kuma ban yi nadama ba

Gemu Na Dare: Da 1660 Super mai wat 125 hhhh Allah ya ƙara arziki

Auta: Dan Allah ku yi haƙuri in shigo da tawa. Dell OptiPlex 7050 gare ni babban kesin, irin na ofis da ake kawowa, fawa fak 240W. Ni ma zan iya canza shi in sa 3060?

Mai Gyara Kaduna: Auta taka daban ce. Waɗannan Dell ɗin madabod ɗinsu ba ya amfani da fin 24 da kowa ya sani, nasu kan ne na musamman mai fin 6, kuma fawa fak ɗin siriri ne dogo, na kasuwa ba zai zauna a gurbinsa ba. Akwai adaftar da ake sayarwa amma sai ka bar fawa fak a waje kesin a buɗe, ga ƙurar hunturu, ni ba na ba da shawarar. Nemi kad da ba ya son waya sam. RTX 3050 mai 6GB wat 70 ne, daga rami yake sha, ka tabbatar mai 6GB ɗin ne don mai 8GB wat 130 ne yana neman waya. Ko GTX 1650 marar fin. RX 6400 ma wat 53 ne amma ba shi da abin matse bidiyo a cikinsa, in kana rikodin ko editin ba zai maka daɗi ba.

Auta: To ko Yaya Ɗan Fagge zai sayar min da 1650 ɗinsa in ya cire?

Ɗan Fagge: Hhh biyo ni ta inbox mu yi magana, da ma da kuɗinsa nake son in cika na fawa fak ɗin

Ummi Edita: Ni da za ka ji tawa, me zai hana ka duba RTX 4060? Wat 115 kawai yake ci, ga mai jen ko sola ai ya fi sauƙi, kuma yana matse bidiyo da tsarin AV1

Ɗan Fagge: Anti na duba shi, 8GB ne, ni kuma ƙarancin memori ne ya koro ni daga 1650. Kuma kuɗin ba ɗaya ba

Baban Ilham: Ga Blender da Resolve 12GB ɗin yana da rana, ban ga laifin zaɓinka ba. Sai dai ka buɗe manhajar GPU-Z mai nuna bayanan kad a shagon ka gani da idonka, don akwai 3060 mai 8GB da suka fitar daga baya, 128-bit ne maimakon 192, ya fi rauni kuma sunansu ɗaya. Ko 4060 ɗin ma ka saya ba ka tsira daga canza fawa fak ba, shi ma fin 8 yake nema kai kuma ba ka da wayar.

Ɗan Fagge: To fawa fak na hannu fa? Na ga wasu masu suna a kasuwa rabin kuɗin sabo

Mai Gyara Kaduna: A nan ni da Injiniya muka saba saɓawa. Ni ina ganin tsohon mai suna ya fi sabon marar suna nesa ba kusa ba, in dai ka gwada shi da lodi kafin ka biya, ka shinshina ba ƙauri, fanka na juyawa ba ƙara, sitikar kan sukurun ba a yage ba.

Injiniyan Lungu: Ni kuma na ce ba ka san rayuwar da ya yi ba. Kafasita tsufa take, zafi ke cinye ta, kuma da yawa daga kayan hannun nan daga wurin masu haƙar kirifto suka fito bayan Ethereum ta daina haƙa da kad a Satumbar 2022, sun yi shekaru dare da rana ba hutu. Ka kawo shi garin da a watan Afrilu zafi ke haura digiri 40, ɗaki ba AC. Wasu ƙananan ma a digiri 30 aka auna wat ɗin da aka rubuta musu, masu kyau a 40 ko 50. Kad na hannu in ya mutu shi kaɗai ya mutu, fawa fak in ya tashi mutuwa wani lokacin da rakiya yake tafiya.

Mai Gyara Kaduna: Ba ƙarya ka faɗa ba, amma aljihu ma yana da magana. Abu ɗaya dai da ba mu saɓa a kai ba, in irin mai cire wayoyi ne ka tabbatar wayoyinsa na asali aka ba ka. Kan da ke shiga jikin fawa fak ba tsari ɗaya ba ne tsakanin kamfanoni, wani lokacin ko a kamfani ɗaya ma, zai shiga daram amma 12V ta bi inda bai kamata ba, hadis da SSD su tafi nan take. 'Yan kasuwa kuma a kwali ɗaya suke zuba wayoyin duka su zaro maka duk wadda ta shiga. Sannan wajen haɗawa kar ka rikita fin 8 na furosesa da na kad, na furosesa 4+4 yake rabuwa, na kad 6+2, in ka ji yana gardama kar ka danna da ƙarfi.

Ɗan Fagge: Allah ya saka da alheri, wlh na ƙaru. Na yanke shawara zan ɗan jinkirta karɓo kad ɗin zuwa sati mai zuwa in haɗa da sabon 650W Bronze mai 100-240V. Tambaya ta ƙarshe, UPS ɗina 650VA ne, shi ba ruwansa ko?

Baban Ilham: Da ruwansa fa. VA ba wat ba ne, 650VA yawanci wat 360 zuwa 390 ne. In kwamfutarka na jan 350 a ciki, a bango ya haura 400 saboda asarar da muka faɗa, ga monita a kai. Kana zaune kana yankan bidiyo zai riƙe, amma a ɗauke wuta kana tsakiyar renda kuka zai yi ya mutu tare da ita. Ka nemi 1000VA zuwa 1500VA, ka duba wat ɗin a bayansa kar ka tsaya kan VA.

Injiniyan Lungu: Kuma in da hali mai fitar da tsaftatacciyar wuta irin ta inbata mai kyau, don sababbin fawa fak masu active PFC, tsarin da ke daidaita yadda suke jan wuta daga bango, wasunsu ba sa shiri da wutar ƙananan UPS ɗin nan, lokacin da ya juya kan batir sai kwamfuta ta mutu ko ka ji tana zuuu

Gemu Na Dare: Nawa ƙaramin ne na kasuwa kuma bai taɓa min haka ba

Injiniyan Lungu: Na ce wasunsu ai. Ɗan Fagge ka fara gwadawa da wanda kake da shi, kunna renda ta gwaji da ba ka damu da ita ba ka zare filogin UPS ɗin daga bango ka ga abin da zai faru, ka dawo ka faɗa mana

Ɗan Fagge: In sha Allah. Auta na ga saƙonka, bari in idar da sallah in kira ka